Murɗin waya ba zai kai jirgin rimot gaci ba

Ƙere-ƙeren yara a ƙasar Hausa ya daɗe da wuce motar kara da ta langa-langa. Da farko an koma ciro ɗan injin da ke juya kaset daga mataccen rediyo, a liƙa masa farfelar gwangwani, a ɗaure masa batir Tiger biyu da roba, a ɗora a kan tsohon silifa a saki a kududdufi. Yanzu kuwa rimot ake yayi. Saurayin da ke da wayar hannu a Kajiji yana kallon abin da na Sakkwato da na Kano ke kallo a YouTube da TikTok: jiragen ruwan wasa suna tsaga ruwa da gudu, mai su yana tsaye a bakin gaɓa yana juya su yadda ya ga dama. Ruwan gwaji kuma bai yi mana nisa ba, ga dam ɗin Shagari, ga tafkuna da kududdufan da damina ke cikawa. Abin ma ba sabo ba ne a duniya, domin tun a 1898 Nikola Tesla ya nuna wa mutanen birnin New York jirgin ruwan da ake sarrafawa daga nesa ba tare da waya ba.

Ina murna da wannan yayi. Abin da ba na murna da shi shi ne inda kuɗin ke tafiya da inda ba ya tafiya. Yaro zai yi tari wata da watanni ya sayi inji mai ƙarfi, ya fasa mataccen batirin laftof ya ciro ƙwayoyin lithium, ya sassaƙa jikin jirgi har da fenti da tuta, amma in aka zo wurin haɗa batir da inji sai ya fere waya da haƙori, ya murɗa, ya naɗe da baƙin salatif. A ganina wannan mahaɗa ce ta cancanci kuɗin farko, kafin fenti, kafin ma babban injin.

Masu murɗin waya suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce: haka yayyenmu suka yi, jirginsu kuma ya yi tafiya. Gaskiya ne. Sai dai wutar da injin kaset ke ja ba ta cika kai amfiya ɗaya ba, batir Tiger mai bolt 1.5 kuwa ko an haɗa kansa da gindinsa da waya iyakarsa ya yi ɗumi ya mutu. Ƙwayar lithium, wadda ake kira 18650 saboda kaurinta milimita 18 ne tsawonta 65, wata dabba ce daban. Bolt 3.7 take bayarwa, 4.2 idan ta cika, kuma idan wayoyinta biyu suka taɓa juna takan saki amfiya gommai a lokaci guda, waya ta yi ja, roba ta kama. Batirin LiPo mai laushin jiki da ake sayarwa musamman don jiragen wasa ya fi ta zafin rai.

Lissafin zafin da ke taruwa a mahaɗa ba shi da wuya. Ana ninka ƙarfin wutar da kansa, sannan a ninka da turjiyar wurin. A ɗauka murɗin waya ya ɗan saki, turjiyarsa ta kai om 0.05. Idan amfiya ɗaya ke wucewa, zafin wat 0.05 ne, ko yatsa ba zai ji ba. Idan amfiya 20 ce, sai a ce 20 sau 20, 400 ke nan, a ninka da 0.05, a sami wat 20. An ninka wuta sau 20, zafi ya ninku sau 400. Wat 20 a dunƙule a wurin da bai kai ƙwayar wake ba ya yi kusa da zafin ƙaramin ƙarfen dalma na mai gyaran waya, ga shi a rufe cikin jirgin da aka yi da farin soso ko roba. Fulogi mai kyau turjiyarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na om ba, don haka a wannan amfiya 20 ɗin ko rabin wat ba zai tara ba.

Jirgin ruwa kuma ya fi mota wahalar da mahaɗa. Motar rimot tana jan wuta da yawa lokacin tashi, in ta ɗauki gudu sai ta sassauta. Ruwa ba ya sassauta wa farfela ko kaɗan, tun daga tashi har tsayawa inji na cikin turi. An kuma toshe jikin jirgin ruf don kada ruwa ya shiga, saboda haka iska ma ba ta shiga, ga ranar Sakkwato da ke haura digiri 40 a watannin bazara. Sai ciyawar ruwa ko ledar fiya wata ta naɗe farfela, inji ya cije, wutar da yake ja ta yi tsalle. Danshi kuwa ba ya raina kafa: jan ƙarfen da aka murɗa yakan yi kore a hankali, turjiya ta ƙaru, zafi ya bi ta.

Akwai abin da ya fi asarar jirgi. Motar da ta mutu a tsakar gida tafiya ake yi a ɗauko ta. Jirgin da wayarsa ta saki a tsakiyar tafki kuwa, wa zai shiga? Kowa ya san amsar, ƙaramin ƙanen da ya biyo 'yan kallo ne zai tuɓe riga. Mutanen ƙaramar hukumar Shagari ba sa bukatar a yi musu wa'azin ruwa; ba a manta da watan Afrilun 2022 ba, lokacin da kwale-kwale ya kife da mutanen Gidan Magana aka rasa rai 29, Allah Ya jiƙansu. Duk abin da zai rage dalilin shigar yaro ruwa, ko da ɗan fulogi ne, ba ƙaramin abu ba ne.

To wane fulogi? Kasuwar duniya ta cika da su, kowane kamfani da nasa. Tsohon cikinsu shi ne farin nan na Tamiya, kamfanin kayan wasa na Japan, wanda ya zo da batura masu bolt 7.2 na zamanin da ba a fara yayin lithium ba. Ya yi zamaninsa. Bakinsa siririn ƙarfe ne da aka lanƙwasa, yana buɗewa da yawan cirewa da mayarwa, kuma da an wuce amfiya goma sha wani abu sai ya fara ɗumi. Ɗan jan nan na JST da ke zuwa a cikin kayan wasa masu arha amfiya 3 aka yi shi dominta. Ya ishi injin kaset, ya ishi fitila, amma ba a ɗora masa injin da aka ciro daga na'urar huda katako mai caji. Akwai Deans na Amurka, ja, mai harsuna biyu a jere kamar harafin T. Yana ɗaukar wuta sosai, sai dai ƙarami ne, santsi gare shi a jiƙaƙƙen hannu, wurin dalmarsa a matse, kwaikwayonsa kuma ɗan ƙarfen da ke matse harshen yakan saki. EC3 da EC5, shuɗɗan nan, ba su da laifi, illa dai sai an gama dalma ake tura ƙarfen cikin gidansa, in an kuskure fitar da shi aiki ne.

Ni XT60 na zaɓa, ruwan ɗorawan nan da kamfanin Amass na ƙasar Sin ke yi, tare da ƙanensa XT30 don ƙananan jirage. Ƙarafan XT60 zagayayyu ne masu kaurin milimita 3.5, an shafe su da ruwan zinari don kada su yi tsatsa da wuri, kuma kowanne yana da ɗan kwarmi a baya inda waya ke kwanciya a zuba mata dalma. Gefe ɗaya na jikinsa a miƙe yake, ɗayan an sare masa kusurwa, don haka ba ya shiga a juye ko da an matsa. Yana da wurin riƙo. Wani abin da ya ƙara masa daraja a wurinmu shi ne ba kayan wasa kaɗai ke amfani da shi ba: wasu akwatunan ajiye wutar sola, irin na EcoFlow, ta bakin XT60 suke karɓar wuta daga faifan sola. Abin da masu sola ke nema ya fi saurin zuwa kasuwa a kan abin da masu wasa kaɗai ke nema.

Kada lambar da ke jikinsa ta ruɗi kowa. Lambar 60 ɗin wutar ɗan lokaci ce. A jirgin da zai yi minti goma yana turi a rufe cikin rana, a ɗauke shi a matsayin mai amfiya 30, XT30 kuma a matsayin mai 15. Ta ɗaya ɓangaren, akwai masu ganin XT90 a bidiyon jiragen tsere su ce sai shi. Ƙanena, ƙwayar da ka ciro daga batirin laftof, ko tana sabuwa, abin da aka yi ta ta bayar bai wuce amfiya huɗu zuwa biyar ba, balle wadda ta shekara da shekaru tana aiki. Babban fulogi ba ya ƙara wa batir ƙarfi. Nauyi kawai zai ƙara wa jirgin, hancinsa ya nutse, aljihunka ya yi sauƙi. Wanda ke son wuta mai yawa ya nemi ƙwayoyin da ke cikin batirin na'urorin kafinta masu caji, su aka yi don haka.

Amma zaɓen iri bai kai muhimmancin tsayawa a kan iri ɗaya ba, kuma a nan ne nake ganin garuruwa irin Kajiji suka bambanta da wuraren da ake ɗaukar waɗancan bidiyoyi. Wanda ke bidiyon yana da batir biyar da shago a bayan gidansa. Mu nan batir ɗaya mutum uku ke jira, caja ɗaya ce ke zagaya unguwa, abin da ya lalace kuma sai an sami mai zuwa Sakkwato, ko a yi oda ta intanet a zauna jira. Idan kowa ya sa fulogin da ya ga dama, ranar da aka taru a bakin ruwa batirin wane ba zai shiga jirgin wane ba. Daga nan sai a fara tura tsirarar waya cikin ramin fulogi ana riƙewa da tsinke, an koma gidan jiya, har ma ya fi muni. Wasu sukan sayi mai sauya baki, wanda ke haɗa Deans da XT60 misali, alhali kowace mahaɗa da aka ƙara wata turjiyar ce da wani wurin da danshi zai zauna. Ya fi sauƙi samarin unguwa su zauna su ce daga yau ruwan ɗorawa muke yi, su yi karo-karo a sayo namiji da mace guda goma-goma a tafiya ɗaya, a yanke duk wani baƙon fulogin da ya zo da sabon batir.

Yankewar nan kanta tana da ƙa'ida, domin a nan ake ƙona hannu. Waya ɗaya ake yankewa, a yi mata dalma, a rufe ta, sannan a taɓa ta biyu. Almakashin da ya datse su tare ya haɗa wuta. Macen fulogi, mai ramuka, ita ake sa wa batir, saboda ƙarafanta a ɓoye suke, ko makulli ya faɗa a kanta a aljihu ba abin da zai faru. Jar waya tana zuwa gefen da ke a miƙe, baƙa gefen da aka sare, kuma alamar tana nan a jikin robar ga mai dubawa. Lokacin dalma a cusa namijin cikin macen, ya riƙe ƙarafan a saiti ya kuma sha wani zafin. Ƙarfen dalma mai rauni shi ke narkar da fulogi, don yana sa a daɗe ana dannawa; mai wat 60 ya fi, in babu wutar NEPA kuma na ɗorawa a garwashi yana yi, muddin an goge bakinsa. Wanda hannunsa bai faɗa ba ya kai wa mai gyaran rediyo ko na waya, aikin minti biyar ne. Fulogin jabu yana da yawa, ana gane shi da robar da ke yin laushi da zarar ta ji zafi da ramin da namiji ke shiga ba tare da ya kama ba. Ita ma wayar a duba ta, don akwai wadda alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, in an kankare ta sai ta yi fari, dalma ba ta kama ta da kyau.

Abu biyu ne ba na yi musu uzuri. Na farko kebul ɗin cajin waya, wanda silin cikinsa bai fi gashi kauri ba, an yi shi ne don amfiya biyu ko kusa da haka. Na biyu fulogin bango mai ƙafa uku ko biyu da wasu ke ɗaura wa batir don shi ne a kusa. Yana aiki, ba musu. Amma duk abin da ya yi kama da na bango, wata rana wani yaro zai cusa shi a bango.

Fulogi kuma ba fis ba ne, aikinsa ya wuce da wuta, ba ya tsayar da ita. Fis ɗin mota mai ƙafa biyu yana nan wurin masu kayan gyaran mota da babur a bakin titin Sakkwato zuwa Jega, launinsa ma yana faɗin ƙarfinsa: ja 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, kore 30. A sa shi a jar waya dab da batir, a zaɓi wanda ya ɗan ɗara abin da injin ke ja a tafiyarsa ta yau da kullum, yadda in leda ta naɗe farfela shi zai tsinke kafin waya ta yi ja. A ɗaure fulogin a sama cikin jirgi, kada ya kwanta a ƙasa inda ruwan da ya tsiyayo ke taruwa. In an tashi daga bakin ruwa a raba shi da batir, a riƙe jikinsa a ja ba wayar ba, a bar shi ya sha iska a inuwa, sannan a shafa wa ƙarafan ɗan basilin kafin a ajiye.