Kundi 11, Babu Wanda Ya Jiƙa Ƙafarsa

A watan jiya aka ba ni kundayen kammala karatu guda 11 in duba, daga wata makarantar gaba da sakandare. Ba zan faɗi sunanta ba, don abin da na gani ba ita kaɗai ke da shi ba. Huɗu daga ciki a kan noman rani ne a Bakolori, kuma take ɗaya suke juyawa: matsaloli da hanyoyin magance su. Na karanta su tsaf. Babi biyar-biyar, bango mai kauri, suna da ruwan zinare. Amma a cikin huɗun nan, masu magana a kan ruwa fa, babu ɗalibin da ya auna ruwa ko da cikin bokiti ne.

Abin da suka yi shi ne raba takardar tambayoyi. Ana rubuta jimla kamar "ƙarancin ruwa yana rage amfanin gona", sai manomi ya zaɓa: na amince ƙwarai, na amince, ban amince ba. Don Allah wane manomi ne zai ce bai amince ba? Daga nan sai a jera tebur, a fitar da kashi cikin ɗari, a rufe da shawarar cewa gwamnati ta shigo ciki. Ɗalibi ya san amsar tun kafin ya fita, malaminsa ya sani, manomin da aka tare a bakin gona shi ma ya sani. An kashe wata shida da kuɗin buga takarda an gano abin da kowa ya kwana da shi.

Ban ga laifin yaran sosai ba. Mu malamai muka tsara wasan haka. Maki yana kan siffar kundi: faɗin gefen takarda, yawan shafi, jerin manazarta. Wanda ya gane cewa siffa ake saye, ai siffa zai kawo. Shi ya sa shagunan kwamfuta na bakin makarantu ke da tsofaffin kundaye a ajiye, a canza sunan gari da shekara a miƙa maka. Yanzu kuma ChatGPT na iya zubo babi biyar ɗin kafin shayinka ya huce. Duk aikin da na'ura za ta iya kammalawa ba tare da ta san inda Talata Mafara take ba, to tun wurin ba da shi aka yi kuskure.

Abin takaicin shi ne wurin da ake wannan. Madatsar Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato aka kammala a 1978, an tsara ta ne ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, kuma filayen ban ruwanta sun ratsa Talata Mafara da Bakura da Maradun. Masana daga nesa sun daɗe da gane cewa wurin makaranta ne sukutum. Björn Beckman ya yi rubutu a kan boren manoma na watan Afrilun 1980, lokacin da rikicin diyyar gonaki ya ƙare da harbin 'yan sanda, wanda har yau ana gardama kan yawan waɗanda suka rasu. Bill Adams, masanin labarin ƙasa daga Ingila, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar, kuma a 1985 ya wallafa cewa raguwar ambaliyar da ke jiƙa fadamu ta sa manoma da yawa barin shinkafa suka koma gero da dawa, kamun kifi ma ya ja baya. A lura, shi ma tambayar mutane ya yi. Amma tambayarsa ita ce me ka shuka a da, me kake shukawa yanzu. Amsar irin wannan tambaya tana iya ba mai bincike mamaki, tana iya ƙaryata shi. "Na amince ƙwarai" ba ta taɓa ƙaryata kowa ba.

Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da jami'ar jiha a Talata Mafara, ga kwalejin aikin gona a Bakura, duk kusa da kanal. Bari in ba da misalin aikin da ɗalibin kowace cikinsu zai iya yi da kayan da ba su kai kuɗin ɗaure kundi ba.

Tsohuwar ƙorafi ce a kowane tsarin ban ruwa a duniya cewa na kan gaba suna shan ruwa su ƙoshi, na wutsiyar kanal su samu saura. Nawa ne sauran? Ana iya aunawa. Ka samu wuri miƙaƙƙe a kanal, ka auna mita 10 da igiya. Ka jefa robar ruwa mai rabin ciki, ka duba da agogon waya daƙiƙa nawa ta yi kafin ta kai ƙarshe. A ce ta yi daƙiƙa 20: gudun ruwan saman ke nan rabin mita a daƙiƙa. Sai dai ruwan sama ya fi na ƙasa sauri, saboda na ƙasa yana gogar gindin kanal da bangonsa, don haka ake ninka amsar da kamar 0.8, ta zama 0.4. Idan matsakaicin faɗin ruwan mita 2 ne, zurfinsa rabin mita, sai ka ninka su duka: kubik mita 0.4, wato lita 400 a kowace daƙiƙa. Ka yi haka a kai, ka yi a tsakiya, ka yi a wutsiya, sau biyu a mako har rani ya fita. Bambancin da ka samu shi ne ruwan da aka ɗiba a hanya, da wanda ya tsiyaye ta tsaga, da wanda rana ta sha. Raba waɗannan ukun ma wani kundin ne na ɗalibin da zai biyo baya.

A nan ne ɗalibi zai fara jin daɗin abin, don zai ci karo da gardama ta gaske. Ranar da iska ke kaɗawa robar za ta yi ƙarya. Ciyawa za ta riƙe ta. Jefawa uku za su ba da amsa uku, dole ya yi tunanin wacce zai ɗauka da dalilinsa. Babin hanyar bincike da ake kwafowa daga littafi, ga shi ya rubuta kansa. Ɗalibin kiwon lafiya kuma yana iya ƙirga katantanwar da ke ɗaukar ƙwayar tsargiya a wuraren da yara ke wanka, amma da safar roba da dogon takalmi, don ƙwayar ta fata take shiga.

Na san abin da abokan aiki za su ce, kuma ba ƙaramar magana ba ce: tsaro. A watan Agustan 2021 'yan bindiga sun shiga kwalejin Bakura sun kwashi ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba na shekarar suka ɗebi ɗalibai 73 a makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya. Malamin da ya ga wannan ba zai tura ɗan wani daji don maki ba, kuma ni ma ba zan tura ba. Sai dai mu faɗi gaskiya, kundin "na amince" ya girmi matsalar tsaro. Tun hanya na lafiya haka muke yi. Sannan ba kowace tambaya ke buƙatar shiga daji ba. Zurfin ruwan rijiyoyin unguwa daga Nuwamba zuwa Mayu, igiya da dutse kawai yake so. Nauyin tiyar shinkafa a kasuwar Talata Mafara, daga mai awo zuwa mai awo, sikeli ɗaya ya isa. Yawan irin da ke tsirowa cikin ƙwaya 100 da aka sayo a kasuwa, a faranti da jiƙaƙƙen tsumma ake gwada shi, a ɗakin kwanan ɗalibai ma. Ɗaliba 'yar Kaya da ke zuwa gida hutu ta fi kowane baƙo sanin wace rijiya ce ake zuwa lafiya da kuma wane lokaci.

Ƙorafi na biyu shi ne yawa: malami ɗaya, ɗalibai 40. Ni a ganina wannan hujja ce ta goyon bayan abin da nake faɗa. Take 40 daban-daban babu mai iya bin su. Amma tambaya ɗaya da aka raba wa mutum 40, kowa da yankin kanal ɗinsa ko rijiyoyinsa, ana auna ta da hanya iri ɗaya, ta fi sauƙin dubawa, kuma wanda ya ƙirƙiro lambobinsa a ɗaki zai fito fili idan aka jera su da na maƙwabtansa. In aka maimaita shekara biyar, sashen ya mallaki bayanan da hukumar kogunan Sakkwato da Rima za ta so ta gani, musamman bayan gyaran da aka yi wa Bakolori ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya.

Da ni ke raba maki, kashi ɗaya bisa uku zan ɗora a kan littafin fili, wanda aka rubuta da biro a bakin kanal, da kwanan wata da gogewa da tabon laka. Zan kuma nemi shafi ɗaya da Hausa, wanda ɗalibin zai karanta a gaban ƙungiyar manoma masu amfani da ruwan, su yi masa tambayoyi. A cikin kundaye huɗun da na duba, na rubuta wa kowanne tambaya ɗaya a shafin ƙarshe: lita nawa? Ranar kare kundi zan ji abin da za su ce.