Takardar Koke da Kunnen Gwamnati

A ƙasashen da ke bin mulkin dimokuraɗiyya, watau inda jama'a ke zaɓen masu mulkinsu da ƙuri'a, akan gaya wa talaka ƙofa a buɗe ta ke. In wani abu ya dame shi, sai ya rubuta takardar koke, ya nemi 'yan'uwansa su sa hannu, a kai gaban Majalisa. Duk wanda ya fito ajin Yaƙi da Jahilci ya isa ya yi wannan, gama ya bar dangwala yatsa, da hannunsa ya ke rubuta sunansa. To, amma in takarda ta isa, ana karantawa? In an karanta, ana aikata abin da ta roƙa? Amsar da za mu bayar ita ce, abin da Gwamnati ta fi dubawa shi ne hasarar da za ta same ta in ta ƙi, yawan sunaye kuwa yana baya. Bari mu gwada wannan magana da tarihin Ingila, domin Majalisarta tsohuwa ce, ta daɗe tana karɓar irin waɗannan takardu.

Cikin shekarar 1838 waɗansu ma'aikata na Ingila suka tsara buƙatu shida. Suna so ko wane namiji da ya kai shekara 21 ya sami ƙuri'a; a riƙa jefa ta a asirce; a daina cewa sai mai dukiya zai zama wakili; a riƙa biyan wakilai albashi, don matalauci ma ya iya tsayawa; a daidaita mazaɓu, kada wata ta fi wata yawan mutane; a kuma riƙa yin zaɓe ko wace shekara. Turawa suna kiransu Chartists, mu kuwa sai mu ce 'Yan Takarda. A zamanin nan misalin namiji ɗaya ne cikin biyar ke da ƙuri'a a Ingila, masu gida da masu gona, sauran duk 'yan kallo ne.

A 1839 suka kai takarda mai sunaye fiye da miliyan ɗaya da dubu 200. Majalisa ta ƙi ko da sauraronsu, wakilai 235 suka ce a'a, 46 suka ce i. Ba su karai ba. A 1842 suka komo da wata mai sunaye fiye da miliyan 3, girmanta har ƙofar Majalisa ta kasa ɗaukarta, sai da aka rarraba ta sa'an nan ta shiga. Ita ma aka ƙi ta, 287 da 49. A 1848 suka kai ta uku. Shugabansu Feargus O'Connor ya ce sunaye sun haura miliyan 5, amma da akawunan Majalisa suka ƙidaya, suka ce ba su cika miliyan 2 ba, cikinsu kuma akwai na jabu, har da sunan Sarauniya Victoria. Abokan gaba suka sami abin dariya, ƙungiya ta yi sanyi.

Me ya sa wakilai suka yi ko oho da wannan taro mai yawa haka? Dalili a fili ya ke. Galibin masu sa hannun ba su da ƙuri'a. Ba su suka ɗora wakili bisa kujera ba, ba su kuwa da ikon sauke shi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wakilan nan ba su ci ladan ma'aikata ba, saboda haka ba su ga askin da ya zame musu tilas ba.

Duk da haka wahalar 'Yan Takarda ba ta faɗi ƙasa banza ba. A 1858 aka soke sharaɗin dukiya ga mai son zama wakili. A 1867 da 1884 aka ƙara yawan masu ƙuri'a. A 1872 aka soma jefa ta a asirce, a 1885 aka gyara mazaɓu, a 1911 aka soma biyan wakilai, a 1918 kusan ko wane namiji mai shekara 21 ya sami ƙuri'a. Biyar cikin shida ke nan, zaɓen shekara shekara kaɗai ne bai tabbata ba. Masu yabon wannan tsari sukan ce, ka gani, sannu ba ta hana zuwa. Gaskiya ne, amma a cika karin maganar, sai dai a daɗe ba a je ba. Daga 1838 zuwa 1918 shekara 80 ke nan. Mutanen da suka sa hannu da farko sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu suka ci amfanin. Gwamnatin da ke amsa wa jika kukan da kakansa ya yi ba ta cancanci kirari ba.

Mai karatu zai ce wancan zamanin ai dimokuraɗiyya ba ta nuna ba, yaya bayan kowa ya sami ƙuri'a? To, ga misali biyu, a auna su.

Na farko haraji ne. A 1990 Gwamnatin Margaret Thatcher ta ɗora wa mutanen Ingila harajin kai, bayan ta fara shi a Sikotilan a 1989. Cikin gunduma ɗaya attajiri da mai share titi kusan kuɗi ɗaya za su biya. Jama'a suka yi kuka, da yawa suka ƙi biya, aka yi babbar tarzoma a Landan ran 31 ga Maris 1990. Abin da ya fi tsorata wakilan jam'iyyarta shi ne, cikin shekarar nan suka faɗi zaɓen cike gurbi a mazaɓun da suka saba ci. Ko wane wakili ya duba kujerarsa ya ga tana rawa. Ga wannan, ga kuma rigimar da ke tsakaninsu a kan sha'anin Turai, cikin Nuwamba Thatcher ta sauka. Magajinta John Major ya soke harajin, a 1993 aka maye gurbinsa da wanda a ke yankawa bisa darajar gida.

Na biyu yaƙi ne. Ran 15 ga Fabrairu 2003 mutane suka cika titunan Landan suna roƙo kada a shiga yaƙin Iraƙi. 'Yan sanda sun ce sun kai dubu 750, masu shirya taron sun ce sun fi haka nesa. Ran 18 ga Maris Majalisa ta goyi bayan Firayim Minista Tony Blair, wakilai 412 da 149. Aka tafi yaƙi, makaman ƙare dangi da aka ce Iraƙi ta ɓoye ba a same su ba, kwamitin bincike kuma ya bayyana a 2016 an shiga yaƙin tun hanyoyin sulhu ba su ƙare ba. Me ya raba wannan da maganar haraji? Babbar jam'iyyar hamayya ita ma tana bayan yaƙin, mai fushi ba shi da wata babbar inuwa da zai koma. Jam'iyyar Blair ta sake cin zaɓe a 2005, ko da ya ke rinjayenta ya ragu ƙwarai. Ka ga inda kuka ya taɓa kujera an ji shi cikin shekara ɗaya, inda bai taɓa ba kuwa, ko a jikinsu.

Mu ma a Nijeriya mun ga irin wannan awo. Ran 1 ga Janairu 2012 Gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141. Ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga yajin aiki ran 9 ga wata, kasuwanni da ofisoshi suka rufe daga Legas har Kano. Ran 16 ga wata aka mai da lita naira 97. Gwamnati ta san ra'ayin jama'a tun kafin ta ƙara kuɗin. Tsayawar aiki ce ta sa ta ja da baya.

Adalci ya sa mu faɗi kuma, ba ko wane ƙi ne zalunci ba. A 2019 mutum fiye da miliyan 6 suka sa hannu ta intanet a takardar da ke roƙo Ingila ta fasa fita daga Tarayyar Turai. Gwamnati ta ƙi, hujjarta kuwa ita ce a 2016 mutum fiye da miliyan 17 sun jefa ƙuri'a a fita. Ko mutum ya ga fitar kuskure ce, da wuya ya ce takarda ta rinjayi akwatin zaɓe. Mai sa hannu ɓangare ɗaya ne, wanda ya yi shiru a gidansa shi ma yana da hakki. Inda laifi ya ke shi ne a karɓi koke da fara'a, a ba shi lamba, a yi ɗan taɗi a kansa a Majalisa, sa'an nan a jefa shi rumbu, alhali tun farko an riga an yanke magana. Wannan rarrashi ne irin wanda a ke yi wa yaro, yana kuwa koya wa jama'a raina Majalisarsu. Gara a ƙi a fili, a faɗi dalili, mutane su auna shi.

Saboda haka wanda zai sa hannu a takardar koke ya lura da abu uku. Ya karanta ta tukuna, ya kuma tabbata sunayen cikinta na gaskiya ne, gama jabu ne suka zubar da mutuncin takardar 1848. Ya san sunan wakilinsa, ya bi sawu ya ji gefen da ya tsaya ran da aka kawo maganar. Sa'an nan ya riƙe abin a zuciya har ranar zaɓe, ya fita ya jefa ƙuri'arsa bisa ga abin da ya gani. Wakilin da ya tabbata mutanensa suna karatu, suna ƙidaya, ba su kuwa mantuwa, ba sai an kai masa takarda sau uku ba. Allah ya ba mu shugabanni masu ji, ya sa mu zama talakawa masu lura.