Sharhi Kan Ƙananan Manhajojin da Ake Ɗora wa Kayan Zana Taswirar Aji

Manufar wannan maƙala ita ce duba ƙananan manhajojin da ake ɗora wa kayan zana taswirar aji, wato zanen da ke nuna sassan manhaja da dangantakarsu. Tun da ƙungiyar OMG ta amince da tsarin UML a 1997, an ƙera da yawa daga cikinsu don su karanta rubutun manhaja, su fitar da zane da kansu. Aibinsu kuwa shi ne rashin zaɓe: kowane aji sai sun zana shi, har mai nazari ya rasa bakin zaren. A ganinmu, wanda ya cancanci yabo shi ne wanda ke bai wa maƙerin manhaja damar ɓoye abin da ba ya bukata.