Tayar da Tsohon Sadauki: Tsokaci a Kan Marvelman na Alan Moore

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba abin da kan faru idan marubuci ya ɗauko tsohon labarin da aka daɗe da mantawa ya sake yi masa gini. Mun zaɓi Marvelman, wato ɗaya daga cikin labaran zane na ƙasar Ingila, domin shi ne ya fi bayyana riba da kuma hasarar da ke tattare da irin wannan aiki.

Asalin Labarin

Mick Anglo ne ya ƙirƙiro wannan tauraro a shekarar 1954, bayan da kamfanin Fawcett na Amurka ya daina buga Captain Marvel, wanda kamfanin L. Miller ke sake bugawa a Ingila. Jigon bai da wata sarƙaƙiya: yaro ne mai suna Micky Moran, da zarar ya furta wata kalma sai ya rikiɗe ya zama sadauki, ya murƙushe mugu, ya koma gida. An ci gaba da buga shi har zuwa 1963. Daga nan aka yi shiru sai a 1982, lokacin da Alan Moore ya farfaɗo da shi a mujallar Warrior. Da kamfanin Eclipse ya ɗauke shi a Amurka a 1985, sai aka sauya sunan zuwa Miracleman.

Sabon Gini

Moore ya nuna mana Moran ya manyanta, ya yi aure, yana fama da ciwon kai, ya ma manta kalmar tasa. Ranar da ya tuna ta, ya zauna yana ba matarsa Liz tarihinsa, sai ta fashe da dariya. A tamu fahimtar, wannan dariya ita ce ginshiƙin aikin baki ɗaya, domin dariyar mai karatu ce da ya girma ya waiwayi abin da ya taɓa burge shi. Can gaba sai asiri ya tonu cewa duk labaran baya mafarki ne da Dokta Gargunza ya cusa masa a ƙwaƙwalwa, a wani shirin gwamnati na ƙera makami. Ta haka marubucin bai jefar da ko ɗaya daga cikin tsofaffin labaran ba, sai dai ya ba su sabuwar ma'ana. Har ila yau, ya bi tambayarsa har ƙarshenta: me zai faru idan irin wannan ƙarfi ya tabbata a hannun mutum? Amsar ita ce kisan gillar da Johnny Bates ya yi a birnin Landan, sannan sadaukin ya karɓe mulkin duniya.

Inda Aka Yi Tuntuɓe

Duk da wannan gwaninta, muna da ƙorafi biyu. Na farko, mayar da aikin Anglo ƙarya da aka ɗura wa tauraro tamkar ce wa yaran da suka so shi ne an yaudare su. Ke nan an ci gado, an kuma yi wa mai gadon ba'a. Na biyu, yayin da labarin ke ƙara girma, muryar talaka sai ƙara dusashewa take yi: Liz ta koma gefe, shi kansa Moran ya bar wa sadaukin fili. Ba mamaki da Neil Gaiman ya karɓi aikin a 1990 ya karkata ga rayuwar mutanen da ke zaune a ƙarƙashin wannan mulki.

Kammalawa

Ga ɗalibanmu masu sha'awar sabunta tsofaffin labarai, darasin a fili yake. Sauya wa tauraro tufafi kawai ba ya isa. Sai an yi wa labarin tambayar da masu shi na farko ba su yi ba. Amma kafin a tona asirin tsohon labari, ya kamata a fara gano dalilin da ya sa aka so shi, don kada wajen gyaran gira a rasa ido.