Wa Aka Rubuta Wa? Nazari Kan Ƙagaggun Labaran Kanada Na Farko

An saba koya wa ɗalibi cewa idan zai feɗe ƙagaggen labari ya nemi jigo da salo da taurari. Akwai tambaya ta huɗu da ba a cika yi ba: wa ya sayi littafin, kuma a ina yake zaune? Wannan takarda za ta ɗora tambayar a kan labaran Ingilishi da suka yi farin jini daga Kanada tsakanin 1860 da 1910, domin yawancin masu sayensu ba ƴan ƙasar ba ne.

Dalilin a fili yake. Ƙidayar 1901 ta nuna mutanen Kanada ba su kai miliyan 6 ba, alhali Amurka ta haura miliyan 75. Ga kuma littattafan Ingila da Amurka masu araha sun cika kasuwa. Duk wanda ke son cin abinci da alƙalaminsa sai ya kai hajarsa New York ko Boston ko Landan.

May Agnes Fleming (1840-1880), haifaffiyar New Brunswick, ta bi wannan hanya har ƙarshe. Jaridun mako-mako na Amurka ta riƙa rubuta wa labarai kashi-kashi, daga baya ma ta koma Brooklyn da zama. Gwana ce wajen tsinke labari daidai inda mai karatu zai ƙagara ya sayi fitowa ta gaba. Amma auren ɓoye da rikicin gado da manyan gidajen Ingila ne suka mamaye yawancin ayyukanta, ƙasarta sai jefi-jefi.

Misalin da ya fi ɗaukar hankali shi ne Beautiful Joe na Margaret Marshall Saunders. Labarin wani kare ne na gaskiya da aka azabtar a garin Meaford na lardin Ontario, kuma karen ne ke ba da labarin da bakinsa. Da za ta shiga gasar wata ƙungiyar tausaya wa dabbobi ta Amurka, wadda ta lashe a 1893, sai ta ɗauke labarin kacokan ta mai da shi jihar Maine. Ta kuma sa hannu da Marshall Saunders kawai, sunan da ba ya nuna mace ce. Wato kasuwa ta canza wurin labari, ta kuma taɓa sunan mai shi. Littafin ya sayu fiye da kwafi miliyan ɗaya.

Ralph Connor, wanda sunansa na ainihi Charles W. Gordon, limamin coci ne a Winnipeg. A The Sky Pilot (1899) da The Man from Glengarry (1901) bai ɓoye ƙasarsa ba, kuma siffanta aikin masu saran itace da ya yi yana da rai. Rauninsa wa'azi ne. Tun daga shafukan farko mai karatu ya san mashayin zai tuba, saboda haka taurarin ba su da zaɓin kansu. Wannan aibi dai ɗaliban adabin Hausa sun san shi sarai.

A ganina L. M. Montgomery ce ta fi su duka, ko da yake ita ma a Boston aka buga mata Anne of Green Gables a 1908, bayan wasu kamfanoni sun ƙi karɓa. Ba ta ɗauke marainiyarta daga tsibirin Prince Edward ba. Jajayen hanyoyinsa da gulmar ƙauye da rowar magana ta dattawa duk ta bar su yadda suke. Akwai tarbiyya a ciki, sai dai surutun yarinyar da kurakuranta ne ke jan labarin, har tsohuwar da ta ɗauke ta riƙo ita ce ta fi canzawa. Shekaru da dama manazarta suna ajiye littafin a sahun karatun ƴan mata, ba su ba shi muhimmanci ba. An fassara shi zuwa Japananci a 1952, kuma masu karatu daga Japan suka shiga zuwa tsibirin don ganin gidan da aka siffanta.