Masu cin riba in hannun jari ya faɗi suna ƙarewa, ni kuwa ban yi murna ba

Sana'ar ba ta da farin jini, kuma da dalili. Mutum ya ari hannun jarin wani kamfani a wajen dillali, ya sayar dala 100, ya koma gefe yana jiran farashi ya karye. In ya sauko 60, sai ya saya ya mayar wa mai shi, ya soke 40 a aljihu. In kuwa farashin ya haura, asararsa ba ta da iyaka. Malamai da yawa sun haramta sayar da abin da ba naka ba, ni ma ba zan sa sisina a ciki ba.

Yanzu manyan 'yan wannan harka a Amurka suna naɗe tabarma. A Janairun 2021 ƙananan masu zuba jari suka yi taron dangi a kan hannun jarin GameStop, suka ɗaga shi daga ƙasa da dala 20 zuwa 483, kamfanin Melvin Capital da ya yi cacar faɗuwarsa ya tafka asara, ya rufe a 2022. Jim Chanos, wanda ya shinshino ruɓar Enron tun kafin ya rushe a 2001, ya rufe asusunsa a 2023. Kamfanin Hindenburg Research ya bi sahu a farkon 2025. Mutane sai tafi suke yi.

To, wa zai tona asirin maƙaryata? A Jamus, da waɗannan mutane suka yi ta cewa lissafin kamfanin Wirecard akwai lauje cikin naɗi, hukumar BaFin su ta taka wa birki: a Fabrairun 2019 ta hana cacar faɗuwar kamfanin har wata biyu. Yunin 2020 aka wayi gari yuro biliyan 1.9 na kamfanin babu su babu dalilinsu.

Na kusa da mu shi ne kamfanin Tingo, na ɗan Nijeriya Dozy Mmobuosi. Hindenburg ne ya fallasa shi a Yunin 2023. A Disamba hukumar SEC ta Amurka ta shigar da ƙara, tana zargin Tingo ya ce reshensa yana da dala miliyan 461.7, alhali abin da ke banki bai kai dala 50 ba. Dala hamsin, ba miliyan ba!

Ba don Allah suke yi ba, na sani, kuma wanda ya baza ƙarya don farashi ya faɗi a hukunta shi. Amma hana su baki ɗaya, kamfanonin bogi kaɗai zai amfana.