Guzurin Matafiya a Ƙagaggun Labaran Tolkien: Tarken "Cram" da "Lembas"

Gabatarwa

Manazarta adabi sun saba, idan suka ɗauki ƙagaggen labari na kasada da al'ajabi, su ɗora hankalinsu a kan jigo da salo da halayen taurari, su tsallake abin da taurarin nan suke ci a hanya, kamar dai ba abin lura ba ne. Mu kuwa a wannan takarda a nan muke so mu tsaya. Dalilinmu shi ne, marubucin irin wannan labari yana da damar ƙirƙiro dodanni da tsafi da ƙasashen da babu su a doron ƙasa, mai karatu ya yarda masa. Amma da zarar ya tura mutum tafiyar wata guda cikin ƙungurmin daji bai gaya mana abin da ke cikin jakarsa ba, to yardar ta fara tsinkewa, domin kowa ya san yunwa ko da bai taɓa ganin dodo ba.

Za mu ɗauki misali daga Baturen Ingila J. R. R. Tolkien, wanda aka haifa a 1892 ya rasu a 1973, mu duba guzuri iri biyu da ya ƙaga: "cram" na littafin The Hobbit, wanda ya fito a 1937, da "lembas" na The Lord of the Rings, wanda ya fito kashi uku tsakanin 1954 da 1955. Masu sharhi sun fi karkata ga na biyun. Ra'ayinmu shi ne ba don na farkon ba, da kuma dabi'ar ƙidaya da ya zo da ita, da na biyun ya zama maguɗi.

Tushen abin a zahiri

Tolkien bai tsinci wannan guzuri a iska ba. Shekaru aru-aru abincin sojan ruwa da sojan ƙasa na Turai shi ne wani ƙandararren biskit da ake yi da garin alkama da ruwa kawai, wani lokaci da ɗan gishiri, a gasa shi, a sake busar da shi har sai babu sauran danshi a cikinsa. Ita kanta kalmar biskit daga Latin ta samo asali, ma'anarta abin da aka gasa sau biyu. Rashin danshin nan shi ke hana shi ruɓewa, shi ne kuma ke mai da shi kamar dutse, har sai an daka shi ko an jiƙa shi a miya ko shayi kafin haƙori ya iya da shi. A tsarin ciyarwa da Samuel Pepys ya shimfiɗa wa rundunar jiragen ruwan Ingila a 1677, rabon kowane mutum a rana laba ɗaya ne na wannan biskit da galan ɗaya na giya. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, sojan Arewa yakan sami guda tara ko goma a yini, sau da yawa ƙwari da tsutsa sun riga shi. Wanda ya daɗe a teku a kan wannan abinci da naman gishiri, ba ganye ba 'ya'yan itace, dasashinsa kan kumbura, haƙoransa su zube. Biskit ɗin da muke kira kabin a kasuwanninmu ɗan'uwansa ne, sai dai shi an sassauta shi ƙwarai.

Shi kansa Tolkien ya je fagen daga a Faransa a 1916, hafsan sadarwa ne a rundunar Lancashire Fusiliers a lokacin gumurzun Somme, har zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa a ramukan yaƙi ya sa aka mai da shi gida a ƙarshen shekarar. Biskit ɗin sojan wancan yaƙi, wanda kamfanin Huntley & Palmers na garin Reading ya yi da yawa daga cikinsa, taurinsa ya kai har wasu sojoji sukan rubuta saƙo a bayansa su aika gida kamar kati, wasu kuma su huda tsakiyarsa su maƙala hoto. Ba mu ce hafsa irin Tolkien a kan wannan ya rayu ba, domin cimar hafsoshi daban take. Amma ya zauna da waɗanda suka rayu a kansa, kuma shi da bakinsa ya faɗa cewa Sam, baran Frodo, daga ƙananan sojojin da ya sani a 1916 ya ɗauko shi.

"Cram": abinci marar daɗi a kan tarin zinariya

A The Hobbit mutanen garin da ke bisa tafki su ne ke yin "cram" domin doguwar tafiya. Mai ba da labari ya gabatar da shi cikin zolaya, ya nuna bai ma san yadda ake haɗa shi ba, abin da ya sani kawai shi ne ba ya lalacewa, ana cewa yana riƙe ciki, kuma babu abin da mai ci zai ƙaru da shi sai wahalar tauna. Akwai wasan kalma a sunan, domin a Turanci kalmar tana nufin cusawa ko ɗurawa. Daga baya, a cikin bayanan harsunan da ya ƙaga waɗanda ɗansa Christopher ya buga a 1987, an ga ya ba ta saiwa mai ma'anar matsewa, watau gari da aka danne ya zama curi.

Mai karatu na iya ɗauka barkwanci ne kurum na littafin yara. To amma a duba inda aka ajiye shi a labarin. Bilbo da wadannin nan goma sha uku sun shiga cikin dutse, dodon da ke gadin dukiya ya mutu, Thorin ya hau kan taskar kakanninsa ya ƙi ba kowa ko ƙwandala. Mutanen tafki da mayaƙan daji suka yi musu ƙawanya, manzonsu ya gaya wa Thorin cewa sun bar shi da zinariyarsa, in ya ga dama ya ci ta. Abin da ya rage musu a ciki kuwa galibi "cram" ne. A daidai nan ne Bilbo ya yi ƙorafin cewa abin ya fara tsaya masa a maƙogwaro, kuma a babi na gaba ya sulale da dare ya kai wa Bard dutsen alfarmar nan da Thorin ya fi so a kan komai, don a sami abin yin sulhu. Ba mu ce biskit ne kaɗai ya tura shi ba. Sai dai marubucin ya auna dukiya da ma'aunin ciki, ya nuna wanda ya fi kowa kula da abin da zai ci shi ne ya fara gane cewa zaman banza suke yi. Wannan, a ganinmu, aikin jigo ne sosai, ba ado ba.

"Lembas" da haɗarin da ke cikinsa

A littafi na biyu, lokacin da ayarin zai bar dajin Lórien, aka ba su wani waina-waina a naɗe cikin ganye. Gimli, da yake wada ne, da ganinsa sai ya zaci "cram" ne, ya gutsura yana yatsina fuska, da ya ji daɗinsa sai ya cinye guda sukutum. Masu ba shi suka tsawata masa, suka ce guda ɗaya ya isa ya riƙe ƙaƙƙarfan namiji yini guda yana wahala. A lura da dabarar: ta ƙofar tsohon guzurin aka shigo da sabon. Mai karatu ya riga ya san abin da guzurin tafiya yake, ya san rashin daɗinsa, saboda haka al'ajabin "lembas" yana da abin da za a gwada shi da shi.

Haɗarin kuwa a fili yake. Abinci marar nauyi, marar lalacewa, mai daɗi, wanda loma kaɗan ke wadatarwa, hanya ce mai sauƙi da marubuci zai kuɓuta daga tambayar da muka fara da ita. Da yawa daga cikin waɗanda suka kwaikwayi Tolkien a nan suka faɗi: sukan ba tauraro irin wannan guzuri a babi na uku, daga nan ba a sake jin maganar yunwa ba har a rufe littafi. Ko a zamaninsa an sami mai yi masa wannan fahimta. A 1958, da aka kawo masa tsarin wani fim da ake son yi a Amurka, ya ga an mai da "lembas" wani dunƙulallen abinci irin na kimiyya, ya rubuta doguwar wasiƙa yana nuna ɓacin ransa.

Abin da ya tsirar da shi, a namu nazarin, shi ne ƙidaya. Bisa jadawalin da ke ƙarshen littafin, Frodo da Sam sun rabu da ayari ranar 26 ga Fabrairu, zoben ya halaka ranar 25 ga Maris, watau kusan wata guda ke nan su biyu suna tafe. A tsawon wannan lokaci Sam bai daina lissafi ba. A bakin fadamar matattu ya ƙiyasta abin da ya rage zai kai su mako uku in an ɗaure ciki, ya tambayi maigidansa me za su ci a komowa, Frodo ya nuna masa cewa da wuya a yi wata komowa. Ta bakin jakar guzuri aka gaya wa mai karatu cewa tafiyar nan ta zuwa ce kawai. Har ila yau an nuna "lembas" ba ya kashe kwaɗayi: Sam ya dafa zomaye a Ithilien, hayaƙin wutarsa ya tona musu asiri, ya karɓi busassun 'ya'yan itace da naman gishiri daga hannun Faramir, a Mordor kuma ƙishirwa ta fi yunwa gallaza musu, ga shi yana ta begen burodi da nama na gida. A ƙarshe ya jefa tukwanen girkinsa cikin wani rami. Duk wannan dabi'ar "cram" ce, dabi'ar sojan da ke ƙirga biskit ɗinsa, aka ɗora wa abincin alfarma.

Inda muke da ja

An daɗe ana danganta "lembas" da gurasar Jibin Ubangiji ta Kirista, kuma Tolkien, wanda ɗan ɗarikar Katolika ne mai riƙo, ya ambaci wannan fassara a wata wasiƙa ta 1958 bai ƙaryata ta ba. Sunan da Katolika suke ba wannan gurasa idan za a ba mai jinyar ajali, a Latin, ma'anarsa guzurin hanya, kusan yadda mu ma mukan ce guzurin lahira. Littafin ya faɗa cewa ƙarfin "lembas" ƙaruwa yake idan matafiyi ya dogara da shi shi kaɗai, kuma zuciya yake ciyarwa kafin gaɓoɓi. Wannan bai dame mu ba.

Abin da ya dame mu shi ne Gollum. Da Frodo ya miƙa masa, sai ya shaƙe, ya tofar, ya ce ƙura da toka yake ji. Dakarun Orc ma ko ƙanshinsa ba sa so. To ga littafin da ya kafa babban jigonsa a kan tausayi, yana nanata cewa Gollum bai wuce gyaruwa ba, amma kuma ya sa maƙogwaronsa ya yanke masa hukunci tun kafin ya zaɓi komai. Gaskiya ne Frodo ya nuna fatan wata rana abincin zai amfane shi. Duk da haka, abincin da ke tantance na kirki da mugu ya rage wa marubuci aikin da ya kamata hali da aiki su yi. "Cram" ba shi da wannan aibi. Sarki da bara, mai gaskiya da ɓarawo, duk haƙori ɗaya yake karya musu. Fim ɗin Peter Jackson na 2003 ya ƙara dagula al'amarin, inda ya sa Gollum ya zubar da guzurin ya laƙa wa Sam sata, abin da babu shi a littafin ko kaɗan, ya kuma mai da ƙidayar nan mai nauyi ta zama makircin dare ɗaya.

Wanda ya fahimci darajar "cram" fiye da masu sharhi shi ne Terry Pratchett, marubucin barkwanci na Ingila da ya rasu a 2015. A littattafansa wadanni suna da wani burodi nasu wanda ba a yi shi don ci ba. A Witches Abroad na 1991 amfaninsa shi ne, matafiyin da ya ciro shi ya dube shi sai ya ga ashe yunwarsa ba ta kai haka ba, ya ƙara gaba yana neman wani abin. A Feet of Clay na 1996 har gidan tarihi aka yi wa burodin, kuma da curi ɗaya daga ciki aka kashe mai kula da gidan. A The Fifth Elephant na 1999 kuwa a kan wata tsohuwar gurasa mai taurin dutse ake naɗa sarkin wadanni, ana shaguɓe ga dutsen naɗin sarautar Sikotilan, wanda aka mayar can daga Landan a 1996.